Tuƙin tirela a ƙasar waje: yadda za ka shirya tun daga gida kafin ka ba wani ejan ko sisi

Salamu alaikum 'yan uwana direbobi da yaran mota, musamman namu na Jega da Birnin Kebbi da Kamba da Yawuri, har Gusau da Mafara. Maganar fita waje tuƙin babbar mota ta cika gareji kwanakin ga, wanga ya ce Kanada, wancan ya ce Folan, wani ya ce Saudiyya ta fi sauƙi. Kuma ana neman direbobin da gaske, don nasu sun tsufa kuma yaransu ba su son kwanan hanya. Amma abin da ba a gaya ma ƙannenmu shi ne can ba mai ɗaukar ka don kamasho ya ce hannunka na da kyau. Shekara goma da ka yi kana jan albasar Aliero zuwa kudu, ko shinkafar Argungu zuwa Legas, in ba takardar da ta nuna ka yi su, a wurinsu ba ka yi ba. Don haka shirin ga daga gida yake farawa, kuma mai hankali ya ba shi shekara ɗaya zuwa biyu, ba wata biyu ba.

Fara da sunanka da shekarunka

Ɗauko katin NIN ɗinka, da lasin, da BVN, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, ka jera su ka duba. Da yawanmu a NIN Abubakar ne, a lasin Garba, a banki Bukar, shekarar haihuwa kuma ko wace takarda da tata. Wanga abu kaɗai ya isa ya kashe maka biza, kuma ba za su ma gaya maka dalili dalla-dalla ba. Ka je ofishin NIMC, masu yin NIN, ka gyara tun yanzu, don gyaran na ɗaukar lokaci, sannan duk takardar da za ka yi gaba ta bi abin da ke cikin NIN harafi da harafi. Kar ka rage shekaru, ba ƙwallo za ka buga ba, direba mai shekara 35 ko 40 lafiya lau ake ɗaukar shi.

Daga nan sai fasfo. Akwai ofishin imigireshin a Birnin Kebbi akwai a Gusau, ka cika fom a shafinsu na intanet ka biya can da kanka. Daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. In da hali yi na shekara 10, don takardar zama da ta aiki dukansu da wa'adin fasfo ake ɗaure su.

Lasin na gaske

Nan ne mafi yawan namu ke faɗuwa. Lasin tirela a Najeriya aji G ne, na motar da ake haɗa kai da bodi, kuma lasin haya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na neman ka kai shekara 26. Wasu na jan tirela da lasin ƙaramar mota, wasu kuma wani ya “yi musu” a bakin tasha ba su taɓa zama gaban kyamara ba. Irin wanga lasin in anka buga lambarshi a kwamfuta ba ya fitowa, kuma kamfanin waje sai ya sa an buga. Ka bi ta makarantar tuƙi da FRSC ta amince da ita, ka yi gwajin VIO, ka je a ɗauki hotonka da yatsunka. Ranar da anka fara ba ka aji G daga ita za a fara ƙidaya maka ƙwarewa, shi ya sa nike cewa ko ba ka da niyyar tafiya bana, yi shi bana.

Lasin ƙasa da ƙasa da wasu ke yi, shi fassara ce kawai ta lasinka don mai ziyara, ba izinin aiki ba ne, kar wani ya sayar maka da shi a matsayin tikitin Turai.

Tara shaidar aiki

Tsarinmu na koyon mota, ka fara yaron mota kana wanke gilas da ɗaure tamfol, oga ya fara ba ka juyawa cikin gareji, wata rana ya ba ka sitiyari da dare, har maigida ya damƙa maka mota, tsari ne mai fitar da direbobi na ƙwarai, amma ba ya barin rubutu ko layi ɗaya. To kai ka bari. In da hali ka nemi aiki da kamfani mai rajista, na siminti ko na shinkafa ko na mai, wanda ke biyan albashi ta banki, ko da abin da za ka samu bai kai na jan lodin kasuwa ba. Shekara biyu na albashi yana shiga akawun ɗinka duk wata ya fi duk wani yabo. In motar mutum ɗaya kake ja, ka roƙi Alhaji ya rubuta maka wasiƙa a takarda mai sunan kasuwancinshi, da ranar da ka fara, irin motar, DAF ce ko Howo ko MAN, tan nawa take ɗauka, hanyoyin da kake bi, da lambar wayar da in an kira za a ɗauka. Ka riƙa ɗaukar hoton waibil kana ajewa. Katin ƙungiya, NURTW ko na direbobin tanka, shi ma ka aje.

Kuma a cikin wanga lokaci ka koyi abin da yaro ke yi maka. Can ba yaron mota, kai kaɗai ne. Kai za ka haɗa kai da bodi ka jona tiyon iska, kai za ka zagaya mota da safe ka duba taya da fitilu da birki, kai za ka ɗaure kaya da bel, kai za ka yi ribas ka saka gindin tirela daidai ƙofar sito ba mai ce maka “taho, taho, tsaya”. Ribas da madubi kaɗai, ka yi ta yi har ya zama jiki. Abu ɗaya da ya taimake mu, tun 1972 Najeriya ke tuƙi a hannun dama, haka yawancin Turai da Kanada da Amurka da Saudiyya, Ingila ce ke hagu.

Turanci da karatu

Ba sai ka yi digiri ba amma dole ka iya karanta allon hanya, ka cika fom, ka fahimci saƙon da ofis ya turo maka a waya, ka yi ma ɗan sanda bayani. Jarabawar lasin ma a kwamfuta ake yin ta. Wanda bai yi boko ba ya nemi malamin firamare a unguwa ya riƙa zama da shi bayan isha'i, ba abin kunya ba ne wallahi. Mai nufin Saudiyya kuma karatun allo da ya yi zai taimake shi wajen karanta haruffa, saura ya koyi Larabcin kasuwa da lambobi.

Lafiya, ka duba kanka kafin su duba ka

Ka je babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko na Gusau ka auna ido, hawan jini, suga, ciwon hanta da tarin fuka. Ƙasashen Larabawa ba su ba da bizar aiki ga wanda anka samu da ciwon hanta na B ko C ko HIV ko tarin fuka, kuma ciwon hanta na nan cikin mutane da yawa ba su sani ba. Gara ka sani da kuɗin gwaji kaɗan da ka sani bayan ka sayar da gona. Sannan maganar ƙwaya, in kana shan tiramol ko wani abu don kar barci ya ɗauke ka, ka bari tun yanzu, ana gwajin fitsari. A Saudiyya shigar da ƙwaya hukuncinshi na kaiwa ga kisa, goro ma an hana shiga da shi. Kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan garinku ne.

Takardar 'yan sanda ta shaidar ba ka da laifi kuma ka bar ta sai an nema, don wa'adinta gajere ne.

To wace ƙasa?

Zan faɗi ra'ayina kai tsaye. Ga direban da ya tashi daga nan yankinmu, ƙasashen Larabawa sun fi kusa da hannu, Turai ta biyu, Kanada sai mai Turanci da kuɗi da haƙuri, Amurka kuma a aje ta gefe tukuna.

Amurka, an cire Najeriya daga cacar biza tun fiye da shekara goma, kuma a Agustan 2025 gwamnatinsu ta dakatar da ba direbobin manyan motoci bizar aiki. Ingila ta buɗe bizar wucin gadi ta direbobi 5,000 a 2021 lokacin da sunka rasa masu kai mai da abinci, ta 'yan watanni ce kuma ta rufe. Duk wanda ya ce zai kai ka ɗayan biyun nan tuƙi, ka riƙe kuɗinka.

Saudiyya da Katar. Abu na farko ka duba mi anka rubuta a bizar. Akwai direban gida, wanda a doka ɗan aikin gida ne, makaranta da kasuwa zai riƙa kai iyali, akwai kuma direban babbar mota na kamfani. Ejan zai ce maka shiga da ta gida in ka isa a canza, canjin nan ba a hannunka yake ba, a hannun kafili yake, wato maigidan da ya ɗauko ka. Bizar Umra ko ta ziyara kuma ba ta aiki ba ce sam, wanda ya zauna da ita ya zama ɗan takari mai gudun 'yan sanda, ba kamfanin da zai ba shi tirela ya bi hanyar Jidda zuwa Riyad mai kusan kilomita 950 cike da shingen bincike. A dokar ƙwadago ta Saudiyya kamfani ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama, wato katin zama, kuma an hana shi riƙe fasfonka. Kwantiragin ana saka shi a manhajar Qiwa, ka karanta kafin ka danna amincewa, ka tabbata albashin da ke ciki shi ne wanda anka gaya maka a gida. In ka isa sai an yi maka iƙama sannan ka shiga makarantar tuƙi ka ci lasinsu na manyan motoci, to ka tambaya tun kana gida wa zai biya, kuma nawa za a riƙa ba ka kafin lasin ya fito. Riyal 3.75 na Saudiyya ne dala ɗaya, da shi za ka yi lissafi. Katar kuma tun 2021 ta sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000, da 500 na ɗaki da 300 na abinci in kamfani bai bayar ba, direban tirela ya kamata ya wuce nan nesa.

Turai. Nan zan ɗan daɗe don dokokin sun fi yawa. Lasin tirela can sunanshi CE, kuma shi kaɗai bai isa ba sai da shaidar ƙwarewa da suke kira Kod 95. Karatun farko awa 280 ne ko na gaggawa awa 140 da jarabawa, bayan nan duk shekara 5 a koma awa 35. Lasin Najeriya ba a musanya shi haka nan, ka sa a ranka za ka sake zama ɗalibi ko da ka fi malamin daɗewa bisa hanya. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba kuma akwai wata takardar shaidar direba da kamfani ke karɓo mishi, ita ke nuna an ɗauke shi bisa doka, Folan da Lituweniya su sunka fi kowa fitar da ita don kamfanoninsu ne ke jan kaya ko'ina a Turai da baƙin direbobi. Tsarin shi ne kamfani ya samo maka izinin aiki a ƙasarshi, ya aiko maka, kai kuma ka kai ofishin jakadanci ka nemi biza ta dogon zama. Ba a yin shi a baibai, wato ka shiga da ta ziyara ka nemi aiki daga baya.

Sai takograf, na'urar da ke cikin ko wace babbar mota, kana saka katinka ta fara rubuta duk motsinka. Tuƙi awa 9 a rana, sau biyu a sati an yarda ka kai 10. Duk awa 4 da rabi hutun minti 45. Sati ɗaya kar ka wuce awa 56, sati biyu a haɗe kar su wuce 90. Hutun kwana awa 11, ana iya rage shi zuwa 9 sau uku tsakanin hutun sati da na gaba, hutun sati kuma awa 45, kuma shi wanga cikakken an hana yin shi cikin mota, kamfani ne zai biya maka masauki. Motar an ɗaure ta ba ta wuce kilomita 90 a awa. Mu da munka saba tashi daga Jega da la'asar mu yi ta bugawa sai inda ƙarfi ya ƙare, wanga shi ne abu mafi wuyar sabo, don ɗan sanda zai zare bayanan makonnin baya ya ci ka tarar laifin da kai ka manta. In ofis ya matsa maka ka cire kati ka ci gaba, ko ka saka katin wani, ka ƙi, lasinka ne zai tafi. Oba lodi babu, yawanci tan 40 ne mota da kaya gaba ɗaya. Ɗaukar fasinja bisa kaya babu. A Jamus ranar Lahadi manyan motoci ba su tafiya sai ƙarfe 10 na dare. In kana ƙetarawa Ingila ta tashar Kale da ke Faransa ka duba bodi da kyau ka sa kwaɗo, don tarar mutum ɗaya da ya ɓuya a motarka na iya kai fam 10,000.

Kuma kar a ɗauka Turai ba a cuta. A 2023 direbobi 'yan Jojiya da Uzbekistan sun yi makonni suna yajin aiki a wurin hutawar motoci na Girafenhausen a Jamus saboda an hana su albashin watanni. Don haka kafin ka sa hannu ka tambayi nawa ne albashi na asali nawa ne alawus ɗin kwana, don wasu na ƙanƙanta albashin su kumbura alawus, ranar da ka kwanta ciwo ko mota ta tsaya sai ka ga ba komai. Ka tambayi kuɗin makarantar CE da Kod 95, in kamfani ya biya wata nawa za a yi ana cirewa, kuma in ka bar su kafin lokaci nawa za su bi ka. A rubuce, da harshen da kake ji.

Kanada. Lasin sunanshi Class 1, a Ontariyo kuma AZ, ko wane lardi da nashi. Ontariyo tun 2017 ta wajabta horo na awa 103.5, lardunan yamma sunka bi baya bayan haɗarin Humbolt na 2018 da tirela ta yi karo da bas ɗin 'yan wasa mutum 16 sunka rasu. Kuɗin makarantar dubban daloli ne. Hanyar shiga ita ce kamfani ya samu takardar LMIA, wadda ke nuna ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba, kuɗinta dala 1,000 ta Kanada kamfani ke biya kuma doka ta hana a karɓa daga hannun ma'aikaci. Abin da kai za ka biya gwamnati dala 155 na izinin aiki da 85 na ɗaukar yatsu, a Abuja ko Legas. To in wani ya ce kawo miliyan goma ya saya maka LMIA, ko dai ta bogi ce ko kuma haramtacciya, duk biyun kai za su ƙone. In kana son zama na dindindin sai da jarabawar harshe irin IELTS ta Turanci. Tun 2024 kuma sun tsuke ƙofar baƙin ma'aikata sosai. Tuƙinsu awa 13 a rana, ga dusar ƙanƙara da santsin da ba a gani da ido, ga sarƙa da ake ɗaura ma taya a kan duwatsu.

Akwai kuma wajen da ke bakin ƙofarmu wanda raina shi ake yi. Ta Lolo ko Tsamiya ka shiga Jamhuriyar Benin, ta Kamba ka shiga Gaya ta Nijar. Jan kwantena daga tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome na koya maka takardun kwastan, inshorar Brown Card ta ECOWAS, da ɗan Faransanci, kuma hatimin iyaka a fasfonka shaida ce mai kyau. Sai dai Nijar ta fita ECOWAS a Janairun 2025, ka tambayi halin iyaka kafin ka ɗauki lodi.

Maganar ejan

Kamfanin da ke kai ma'aikata waje dole ya kasance da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka ce ya nuna maka, ka ɗauki lambar ka je ofishin ma'aikatar ka tambaya, suna da cibiyar ba masu fita waje shawara a Abuja da Legas da Benin ta jihar Edo, kyauta. Kamfanin gaske zai yi maka intabiyu ta bidiyo, zai tambaye ka birkin iska da yadda kake saukowa gangara da kaya, wani ma ya turo mai gwada hannunka. Wanda bai tambaye ka komai kan mota ba sai “yaushe za ka turo”, wanda ke son kuɗi a akawun mai sunan mutum, wanda ya ce gurbi biyu ya rage sai yau, wanda ya ce kawo fasfonka ya aje, duk ka rabu da su. Sunan kamfanin da ke kan takardar ka neme shi da kanka a intanet, ka tura musu saƙo ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda ejan ya ba ka ba, ka tambaya ko sun san da kai. Ka nemi lambar direba ɗaya da ke aiki can yanzu ka kira shi ta bidiyo ya nuna maka cikin motar. In an riga an cuce ka ko an riƙe wani naka a waje, NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ake kai ƙara. Hanyar Agadas zuwa Libiya kuma ko a mafarki, ba a zama direban kamfani ta nan.

Kafin ka hau jirgi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsakanin saukarka da albashin farko na cikakken direba ana iya yin wata biyu ko uku, kana jiran katin zama, kana makaranta, kana zaune gefen wani direba shina gwada ka. Ka bar ma iyali abincin waɗannan watanni a ɗaki, buhu da mai da kuɗin makarantar yara, ka zauna da maiɗakinka da mahaifa ka gaya musu gaskiyar lokacin da kuɗi zai fara zuwa don kar a fara kiranka sati biyu da tafiya. Kar ka sayar da gonar gado, in dole sai an sayar da wani abu a sayar da abin da za a iya mayarwa. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi ka tura ma mutum biyu da ka yarda da su, ka rubuta lambar ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Mai zuwa ƙasar sanyi ya sayi rigar sanyi ta gaske da safar hannu da takalmin aiki mai ƙarfe a baki in ya isa, na kasuwarmu ba su ɗauka. Ka tafi da garin tuwo da kuka da yaji daidai abin da dokar ƙasar ta yarda, nama da kilishi kam ba a shiga da su Turai ko Kanada. Yawancin direbobi a mota suke girki da ƙaramin risho, naman halal kuma sai ka nemi shagunan Turkawa da Larabawa ka cika firjin mota kafin ka ɗau hanya. Ka sa manhajar lokutan salla da alƙibla a waya, ka daidaita hutun minti 45 ɗin nan da azahar da la'asar, kuma ka tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salla da azumin matafiyi tun kana gida, don a arewacin Turai da rani yini na wuce awa 17.